Kafin ka sa inji a gonar mutane

"Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a nan Maraɗi. Na yi aikin zinariya a arewa, na dawo gida ban riƙo wani abin kirki ba sai injin neman ƙarfe da na saya da gumina. Yana nan ajiye ƙarƙashin gado. A wani ƙauye da ke hanyar Madarumfa akwai gonar da ake cewa kufan tsohon gari ce, in an yi ruwa har tsingaro ake gani a sama. Gonar ta gado ce, ta wani dattijo da ƙannensa, amma yanzu tana jingine a hannun wani ɗan kasuwa. Shi ɗan kasuwar ya ce in je in duba, ba komai, in na samu mu raba. Abokina kuma ya ce kada in tada zaune tsaye: ko mu je da dare, ko in ce wa dattijon ni ɗalibin jami'a ne mai awon ƙasa. Ina jin nauyin tsohon, kuma ina tsoron in na faɗa masa gaskiya ya hana ni, ko ya sa 'ya'yansa su riga ni tone wurin. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Izinin da ɗan kasuwa ya ba ka bai ishe ka ba, shawarwarin abokinka kuwa duka biyun ka watsar da su tun kafin su ja maka abin da ya fi ƙarfinka. Wurin dattijon za ka, da rana tsaka, ka faɗa masa ainihin abin da kake nema.

Mai riƙon jingina ikonsa a kan noma yake. Ya shuka, ya girbe, ya ci amfani har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Asalin ƙasar bai fita daga hannun masu ita ba, balle abin da kakanninsu suka binne a cikinta. Shi ya sa ya yi saurin cewa "ba komai", ai ba nasa yake bayarwa ba. Amma kada ka yar da shi, domin shi ma yana da haƙƙi: shi ya zuba taki, shi zai sa garma bana, ramin da ka bari sansa ne zai faɗa. Yardarsa ana bukatarta, sai dai bayan ta masu gona take zuwa.

Masu gonar ma ba mutum ɗaya ba ne. Ka ce ta gado ce. In ba a raba ba, dattijon babba ne kawai, mai magana da yawun gida. Akwai ƙanne, wataƙila wani yana Legas ko Libiya, akwai 'yan'uwa mata da ke aure a wasu garuruwa waɗanda rabonsu yana nan ko da ba sa zuwa noma, kuma ba mamaki wani gefen gonar gamanar wata matar gidan ce da ta shekara goma tana zuba ridi da yakuwa a ciki. Ba kai za ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba, wannan aikin dattijon ne. Kai dai ka ce masa, "Baba, ba na gaggawa, a shawarci 'yan'uwa." In ka ji ya ce zai yi shawara, kada ranka ya ɓaci, alama ce ya ɗauki maganarka da nauyi. Wanda ya amsa maka nan take shi kaɗai, shi ne zai bar ka da ƙannensa gaban mai gari ranar da wani abu ya fito. In kuma kana shakkar wa ke da me, tun dokar karkara ta 1993 aka soma kafa kwamitocin kula da filaye, har a ƙauyuka, inda mai gari ke shugabanta, kuma su ke shaida saye da kyauta da aro da haya da jingina. Ko takarda ba ta nan, mai gari da dattawan unguwa sun san gonar wane ta tsaya daga wace kuka zuwa wane gawo.

Yanzu zauna ka dubi lamarin da idon tsohon nan, domin nan ne yawancin masu inji suke kuskure. Kai kana tsoron ya hana ka. Shi kuwa abin da zai fi tsoro shi ne ka samu wani abu.

Kowa a jihar nan ya san abin da ya faru a yankin Ɗan Isa a 2021. Labarin zinariya ya fita, cikin 'yan watanni dubban mutane suka kwararo daga ko'ina, gonaki suka koma ramuka. A watan Nuwamba na shekarar rami ya rufta a Garin Liman, mutum 18 aƙalla suka rasu, hukuma ta rufe wurin. Kai da ka yi arewa ka fi ni sanin yadda Jado, wurin haƙar zinariya, ta cika a 2014 da yadda aka rufe ta a 2017. Amma Jado hamada ce, ba hatsin kowa aka tattake ba. A nan kuwa ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallonta. Manomin da aka ce an ga zinariya a gonarsa, ko ƙarya ce, ya shiga uku: baƙi za su shigo masa da diga da shebur, dangi za su taso da maganar rabon gado, hukuma za ta zo. Ga kuma abin da ba a son faɗa da ƙarfi. Kudancin Madarumfa da bakin iyaka sun sha fama da masu ɗaukar mutane don kuɗin fansa, kuma jita-jitar cewa gidan wane an tono tukunyar dukiya ta isa ta sa a ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare. Kai kana iya naɗe injinka ka hau kabu-kabu ka dawo birni. Shi nan zai kwana da iyalinsa.

Akwai wasu tsorace-tsoracen kuma da ba zai furta maka ba. Baƙo yana zagaya gona da wani ƙarfe yana dube-duben ƙasa, abin da zai fara zuwa wa mutanen karkarar Maraɗi shi ne masu awon filaye sun iso, za a yanka gonaki a yi fulotai. In ka matsa kusa da iyaka kana tono gindin gamba ko aguwa, maƙwabci zai ce an turo ka ka ci masa iyaka. Wata tsohuwa kuma za ta ce ba tonowa kake ba, binnewa kake, an ba ka asiri ka sa a gonar. Ka yi dariya in ka ga dama, amma an yi shari'a a kan abin da bai kai wannan ba.

To da wannan a zuciyarka, ka auna shawarar zuwa da dare. Samari biyu, da fitila, da wani inji mai ƙara, a gonar mutane, a yankin da kowa ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. In 'yan sintirin gari suka riga jandarma isowa, ba lalle a tsaya tambayarka sunan mahaifinka ba. Ta ƙaryar ɗalibi kuwa, kwana nawa za ta yi? Ƙauyen ba ya rasa ɗa ko jika a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tambaya ɗaya zai yi maka ka daburce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko ba a gane ba, izinin da aka karɓa da yaudara ba izini ba ne, ya yarda da awon ƙasa ne, bai yarda da neman dukiya ba.

Ga yadda nake ganin za ka shiga. Kada ka je kai kaɗai, kuma zuwan farko ka bar injin a gida. Ka samu babba wanda tsohon ke jin kunyarsa, mahaifinka ko kawunka ko wani ɗan garin da ya san gidanku, ya yi maka jagora. Ku fara ta ƙofar mai gari ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, don kada ya ji a bakin wani. Sa'an nan ku sami dattijon bayan la'asar, ba ranar kasuwa ba, da ɗan goronku. Goron na gaisuwa ne, kada ka cika shi har ya zama kamar toshiyar baki. A gaisa sosai, a tambayi iyali da dabbobi da yadda damina ta bari. Babban da ka zo da shi ne zai buɗe magana ya ce ɗan wane ne kai, daga nan kai ka faɗi naka a taƙaice: "Baba, ina da inji mai jin ƙarfe a cikin ƙasa. Na ji an ce gonarku kufai ce. Ina roƙon in kun yarda in duba bayan an kwashe amfani, ɗanku yana tare da ni, duk abin da ya fito a gabanku za a ajiye. In ba ku yarda ba, wallahi ba komai." Ka tsaya nan. Kada ka soma lissafin miliyoyi, kada ka ba shi labarin wanda ya sayi mota a Agadas.

In ya nuna sha'awa, zuwa na biyu ka kawo injin, amma a tsakar gidansa za a kunna shi. Ka ba jikansa dala biyar ya binne a cikin rairayi kai kana juya baya, sa'an nan ka miƙa wa tsohon sandar ya riƙe da hannunsa, ya ja faifan a hankali dab da ƙasa har ya ji kukan ya canza. Ka sa a binne ƙusa kuma ya ji bambancin. A nan zai gane abin ba tsafi ba ne, ba ya ganin cikin ƙasa kamar madubi, kuma tsabar kuɗi in ta wuce kamar taƙi ɗaya ko kamu ɗaya a zurfi, yawancin injuna ba sa jin ta. Rabin tsoronsa a tsakar gidan nan zai zube.

Ka kuma gaya masa gaskiyar abin da ake samu, kai ma ka gaya wa kanka. Kufan ƙasar Hausa cike yake da ƙusa, guntun hauya, gwangwanin tumatir, waya, kashin maƙera, wani lokaci kan kibiya ko ƙarfen linzami. In an yi sa'a a samu munduwar tagulla, zoben azurfa, tamma da dala na zamanin Faransa, ko kwabo mai huji da ya ƙetaro daga Najeriya lokacin cinikin gyaɗa. Kakanninmu kafin zuwan Turawa da kuɗin wuri suke ciniki, dukiyarsu kuma tana cikin dawaki da shanu da tufafi da rumbuna. Injinka ba ya jin wuri, ba ya jin tukunya, ba ya jin dutsen wuya. Inda akwai marmara kuma zai yi ta yi maka kukan banza saboda ƙarfen da ke cikin dutsen. Zinariyar ƙasa ma, jigawar rairayi ba mazauninta ba ce. Wadda aka samu a kudu, inda tsohon dutse ya fito kusa da sama wajen iyaka aka same ta. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka sayar wa tsoho mafarki, ranar da ka fito da buhun gwangwani ya ce ka ɓoye na kirkin.

Maganar rabo a gama ta kafin a sara ƙasa. Mutane da yawa suna ɗauka wanda ya tono shi ke da rabi kai tsaye, alhali a fiƙihun Malikiyya da muke bi ba haka abin yake ba. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wadda ake kira rikazi, ana fitar da ɗaya bisa biyar, sauran kuwa na mai ƙasa ne in ƙasar tana da mai ita. In kuma alamu sun nuna ta Musulmi ce, hukuncin tsintuwa take ɗauka, sai an yi cigiya shekara guda. Ka ga ke nan rabonka ba daga injin yake fitowa ba, daga yarjejeniyar da kuka ƙulla yake fitowa. Ku zauna da limamin garin ya warware muku dalla-dalla. Ni a ganina, abin da aka gane na gidan ne, kamar munduwar kaka ko zoben da tsoho ya ce na mahaifinsa ne, ka miƙa shi dungum, in sun ba ka tukwici ka gode. Sauran ku sa masa kaso tun yanzu.

Rabi da rabi shi ne abin da aka saba a Ingila, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi. A 2009 wani mai inji, Terry Herbert, ya tono tarin zinariya da azurfa na tsoffin mayaƙa a gonar wani manomi, Fred Johnson, a yankin Staffordshire. Da izini ya shiga, an kai wa hukuma rahoto, aka kimanta kayan fam miliyan 3 da dubu 285, gidajen tarihi suka biya, aka raba musu biyu. Duk da haka ba a jima ba jaridu suka ɗauko labarin sun ɓata da juna. Waɗannan ke nan da doka ta tsara musu komai. Ina ga ku da kuka tsaya a kan "in an samu ma ga yadda za a yi"?

Akwai mai haƙƙi na uku da ba ka ambata ba a wasiƙarka, wato gwamnati, kuma yardar mai gona ba ta ɗauke maka ita. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a Nijar na gwamnati ne, ba na mai gona ba, haƙar zinariya ko ta gargajiya ce sai da takardar ma'aikatar ma'adinai. Kayan tarihi kuma suna da tasu dokar, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ta hana tonon wuraren tarihi ba da izinin hukuma ba, ta kuma wajabta sanar da abin da aka ci karo da shi. Kufai irin wanda ka kwatanta yana iya shiga ƙarƙashinta. Saboda haka kafin ka fara, ka taka zuwa ofishin kula da al'adu na jiha, ka faɗi wurin da abin da kake niyya, ka ji ta bakinsu. Na san samari ba sa son ƙofar ofis, amma gara ka shiga da ƙafarka. Dokar ba don a ƙuntata maka aka yi ta ba. A Bura, can yammacin ƙasar nan wajen Tera, an gano tsohuwar maƙabarta mai tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, masana irin su Bube Gado suka yi aiki a kai, amma da labari ya kai kasuwannin Turai sai masu tonon sata suka afka wa wuraren yankin, aka farfasa, aka yi waje da abin da ya rage. Abu in an zare shi daga inda yake kwance ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kewaye da shi ba, labarinsa ya tafi. Mu kuma a nan tarihinmu bai gama rubutuwa ba. Tsohuwar Maraɗi kanta a cikin fadama take kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu, kuma tsakanin nan da Tsibiri da Tasawa garuruwa nawa ne suka tashi saboda yaƙi ko yunwa?

Kowane kufai kuma yana da kushewa. Ka tambayi dattijon inda take, da inda ake cewa ba a taɓawa, wata tsamiya ko kuka da Anna, masu addinin gargajiya, suke yi wa yanka a da. Ko ba ka yarda da abin ba, ba naka ba ne. In ka ga ƙashi, ka mayar da ƙasa ka tashi daga wurin.

In an yarda, a rubuta. Amma ka sani takarda tana tsorata tsoho fiye da injin, domin an sha raba mutane da gonakinsu da dangwalen yatsa. Kada ka zo da ita a rubuce daga birni. A rubuta a gabansa, da boko ko da ajami, ɗansa ko liman ya karanta masa da ƙarfi. Layin farko ya ce wannan ba saye ba ne, ba haya ba, ba jingina ba, ba aro ba, kuma mai gona yana iya cewa a daina ko yaushe. Sai a sa wace gona, daga wane wata zuwa wane wata, kai da wa za ku shiga, iyakar zurfin rami, yadda za a raba, da wanda zai riƙe abin da aka samu kafin a raba. Mai gari da liman su shaida, ɗan kasuwa mai jingina shi ma ya sa hannu, kowa ya riƙe kofi.

Lokacin aiki rani ne, bayan an cire wake an ɗaure kara, kafin a soma sassabe da binne. Ramin ya zama ƙarami, ƙasar sama a gefe guda, in ka gama ka mayar ka taka ta zauna. Kada ka sare saiwar 'yan gawo da kalgon da ya bari suna tasowa, manoman jihar nan sun sha wahala kafin itatuwa su dawo gonaki. Ƙusa da waya da gwangwani kada ka watsar, ka tara a buhu, domin shanu suna haɗiye su su mutu, kuma wannan kaɗai wata riba ce da mai gona zai gani da idonsa. Kowace yamma ka juye buhun a gabansa, tarkace da na kirki, kafin ka wuce gida. Salularka kuma ta zauna a aljihu. Hoto ɗaya a Facebook ko TikTok da gawon gonar a bayanka ya isa ya jawo masa duk abin da na lissafa a sama.

Saura tsoronka na cewa zai hana ka ya sa 'ya'yansa su tone. Yana iya yi, gonarsu ce. Sai dai shebur ba tare da inji ba a gona mai faɗi wahala ce kawai, kuma ba kai ka gano kufan ba, kowa a garin ya san da shi tun kafin a haife ka. In ya ce a'a, ka yi godiya kamar wanda aka ba, kada ka koma ta bayan gida wurin ƙaninsa ko ɗan kasuwar. Sau da yawa a'ar farko gwaji ce, ana so a ga halinka. Kafin nan injin ba sai ya yi ta kwana ƙarƙashin gado ba: matan da ɗan kunne ko zobe ya faɗi a rairayin gidan biki, magina masu neman inda bututun ƙarfe ya bi, masu fuloti da turakun ƙarfensu suka nutse, duk za su biya ka, kuma ta nan ake sanin mutum da amana har wani mai gona ya kira ka da kansa. Abokin nan dai kada ka ba shi aron injin, in aka kama shi a gonar wani, sunanka zai fara kira.

In kuma wata rana faifan ya kai ka kan harsashi ko wani ƙarfe mai kama da kayan soja, kada ka ƙwanƙwasa shi, kada ka sa a buhu. Ka yi wa wurin alama, ka hana yara matsowa, ka gaya wa mai gari ya kira jandarma.